Akwatin Kaset Ɗin da Ruwa Ya Ci

Wata Juma'a bayan la'asar muka tsaya a rumfar masu cajin waya muna jiran batir ya cika. Yara wajen goma sun dunƙule a kan waya ɗaya, kai a haɗe da kai. Akwai 'ya'yan unguwarmu, akwai 'ya'yan Kanuri, akwai na Shuwa da suka rako iyayensu mata tallan nono, har da wani ƙaramin da ko Hausar kirki bai fara ji ba. Abin da suke kallo kyanwa ce take bin ɓera, wato Tom and Jerry. Babu wanda ya ce a fassara masa. In dariya ta tashi, tare take tashi. A bayansu kuma wani dattijo mai furfura yana tsaye da carbi a hannu, shi tasa dariyar takan riga ta yaran da kamar daƙiƙa biyu, don ya san inda ƙarfen guga zai faɗo tun shekara arba'in da suka wuce.

Da muka leƙa wayar sai jikinmu ya yi sanyi. An yanke hoton ta gefe da gefe don ya dace da tsayuwar waya, har wani lokaci sai ka ga wutsiyar kyanwar kawai. An ƙara masa gudu. An cire kiɗansa na asali an liƙa wata waƙar zamani da ba ruwanta da abin da ke faruwa. Dattijon nan ya girgiza kai ya ce, “Wannan ai ba shi ba ne, ƙaninsa ne.” Gaskiya ya faɗa, kuma maganarsa ce ta ja mu ga wannan rubutu.

Da yawa daga cikinku sun san mai gyaran talabijin ɗin nan na unguwarmu da ya daina aiki saboda ido. Tun zamanin da bidiyo ya shigo yake ɗaukar katun daga talabijin yana tarawa, wasu kuma ya saya a kasuwa, yana rubuta sunayensu da biro a jikin takardar kaset. Akwatin ƙarfe guda ya cika. A shekarun tashin hankali, lokacin da kowa ke neman inda zai ɓoye abin da yake ƙauna, sai ya kai akwatin gidan ɗan'uwansa a Gwange, a cewarsa cikin gari ya fi aminci. Ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle. Abin da harsashi bai taɓa ba, ruwa ya kwana a kansa. Da aka buɗe akwatin bayan ruwa ya janye, laka ce da fumfuna. Kaset shida kaɗai suka tsira, su ma don ya bar su a nan gida a kan shirayi.

Mun san a ambaliyar nan an rasa rayuka, an rasa gidaje da jari, kuma wanda ya rasa ɗa ba za a zo masa da kukan kaset ba. Ba mu haɗa su ba. Amma ranar da mutumin nan yake ba mu labari, bai ambaci kuɗin da ya kashe ba ko sau ɗaya. Cewa ya yi, “Da me zan nuna wa jikokina?”

To mene ne a cikin waɗannan gajerun finafinai na minti bakwai da ya sa dattijo zai yi irin wannan tambaya?

Wani zai ce tuna baya ne kawai, kuma akwai ƙamshin gaskiya. Waɗanda suka tashi a shekarun 1980 sun tuna yadda tashar NTA ba ta buɗewa sai da yamma, a zauna ana kallon layuka masu launi ana jiran taken ƙasa, sannan a fara da shirin yara. Gida ɗaya ke da talabijin a layi guda. In ba wuta, a jona batirin mota. A wanke ƙafa kafin a shiga, wanda ya yi surutu a kore shi ya koma leƙe ta taga. Duk abin da mutum ya gani a irin wannan zama zai yi masa daɗi har tsufa, ko da ba shi da kyau. Sai dai yaran rumfar caji ba su da wannan tarihin, ga shi kuma abin ya kama su, a gurguje ma, a yanke. Ashe akwai wani abu a cikin aikin kansa.

Mu a ganinmu abu na farko shi ne hannu. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa. Minti bakwai ke nan ya haura hoto dubu goma. Ko da an bar zane ɗaya ya zauna a hoto biyu, kamar yadda sukan yi, dubban zane ne, kuma kowanne mutum ne ya zauna da fensir ya yi shi. Daga takarda a kwafe shi a kan wata leda mai garau kamar gilashi, a shafa fenti ta baya, a ɗora a kan zanen ɗaki ko lambu, a ɗauki hoto, a cire, a ɗora na gaba. William Hanna da Joseph Barbera, waɗanda suka ƙirƙiro kyanwar da ɓeran a kamfanin MGM, sun yi guda 114 tsakanin 1940 da 1958. In ka raba, kusan shida ke nan a shekara, da ɗaki cike da ma'aikata. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai ɗinkin hular zanna ya ga makonnin da take ci, ya san bambancinta da ta inji ko daga nesa. Haka abin yake a nan. In Tom ya ɗaga guduma, kana jin nauyinta a kafaɗarsa. In ya faɗo daga sama, akwai ɗan tsayawar nan da yake yi a iska ya dube mu, kamar mai cewa “shi ke nan, ta faru,” kafin ƙasa ta karɓe shi. Wannan ɗan jinkirin, wanda bai kai ƙiftawar ido biyu ba, a nan dariyar take. Shi ne kuma abin da mai ƙara wa fim gudu yake kashewa.

Ku nemi wanda ake kira The Cat Concerto, na 1947, in kuna son ganin abin da muke nufi. Tom ya sha baƙar kwat, ya zauna gaban fiyano a gaban manyan mutane zai kaɗa wani kiɗa na Franz Liszt. Jerry kuwa yana barcinsa a cikin fiyanon, a kan 'yan gudumomin da ke bugun wayoyi. Kiɗa na farawa gudumomin suka shiga wurgi da shi. Daga nan faɗa ya kaure, amma sharaɗin shi ne kiɗan ba zai tsaya ba, kuma Tom ba zai bari 'yan kallo su gane akwai matsala ba. Ana datse masa yatsa yana murmushi. A ƙarshe ɓeran ya karɓe kiɗan daga ciki ya yi ta maimaita wurin da ya fi sauri har Tom ya zube, kwat a yage, shi kuma ya fito ya karɓi tafi. Babu kalma ko ɗaya a ciki. Amma wanene a cikinmu bai taɓa ganin mai gida yana fama da rigima a cikin gida yana yi wa baƙi fara'a a zaure ba? Wannan fim ya ci kyautar Oscar, ɗaya daga cikin bakwai da kyanwar da ɓeran suka ci. Yanzu ku ɗauka an cire kiɗan an sa wata waƙa. Me ya rage?

Rashin maganar nan ba ƙaramin abu ba ne a wuri irin namu. A Jere harshe nawa ake yi? Fim ɗin Indiya sai da fassara, na Kano sai mai jin Hausa, na Amurka sai wanda ya yi boko. Tsohon katun shi kaɗai ne ke zaunar da kowa a tabarma ɗaya ba tare da tafinta ba. Kuma labarinsa ba baƙo ba ne a wurinmu. Ƙaramin da ba shi da ƙarfi sai wayo, da babban da ƙarfinsa da kwaɗayinsa ke kai shi ga halaka: ai Gizo ne da Kura. Iyaye mata da ke ƙorafin cewa katun duka ne da ƙone-ƙone, muna ba su haƙuri, su tuna abin da ake yi wa Kura a tatsuniyar da kakanninmu suka ba mu. Ita ma ana ƙona ta, a jefa ta rijiya, gobe da dare ta dawo garau. Yaro ya san Tom ba ya mutuwa kamar yadda ya san Kura ba ta mutuwa. Har muna iya cewa a wasu lokutan tausayinmu yana wajen kyanwar, don sau da yawa tana kwance abinta ɓeran ke zuwa ya tsokane ta. Gizo ma ai ba mutumin kirki ba ne.

Ba duk tsohon katun ne gwani ba, kuma mai son tarawa ya kamata ya iya bambancewa. Bayan MGM ta rufe sashen zanenta, an ba wani Gene Deitch aikin a birnin Prague, ya yi guda 13 a 1961 da 1962 da kuɗi kaɗan. Za ku gane su: motsin a sandare, sauti kamar daga cikin rijiya, ga wani mai gida da ke dukan Tom duka na mugunta wanda ba ya ba da dariya. Chuck Jones ya karɓa daga 1963 zuwa 1967 ya yi 34. Nasa suna da kyan gani, Tom ya yi gira mai kauri, Jerry ya yi manyan idanu, amma an fi yanga da fuska fiye da gudu. Mu dai in an ba mu zaɓi, na farkon nan muke ɗauka, waɗanda za ku ga sunan Fred Quimby a farkonsu da na mai kiɗa Scott Bradley. Haka Popeye, mai cin alayyafon gwangwani. Na 'yan'uwan nan Fleischer da suka fara a 1933, masu baƙi da fari, inda yake ta gunaguni a ƙasan maƙoshi, sun fi na baya masu launi rai nesa ba kusa ba. Iyayenmu mata sun ci ribar Popeye, don da sunansa aka ɗura wa da yawa daga cikinmu miyar ganye.

Akwai kuma abin da ba za mu rufe ido a kansa ba. Waɗanda suka zana waɗannan abubuwa Amurkawa ne na zamanin wariyar launin fata, kuma ya fito a aikinsu. Ku tuna matar nan baƙa mai ƙiba da silifas da ke bin Tom da tsintsiya, wadda kusan ba a taɓa nuna fuskarta ba, sai ƙafafu da hannuwa. Muna yara mun ɗauka mai gidan ce. Surar baƙar 'yar aiki ce irin wadda fararen Amurka suka saba yi wa dariya. Ku tuna in nakiya ta fashe a fuskar kyanwa sai fuskar ta koma baƙa ƙirin da jan leɓe mai kauri. Mun yi dariya, ba mu san da mu ake ba. A wani Popeye na 1937 da aka gina kan labarin Ali Baba, Larabawa ba su da aiki sai fashi da zare ido. Abin ya kai a 1968 aka janye katun 11 na kamfanin Warner daga talabijin gaba ɗaya saboda yadda suka zana baƙar fata. Daga baya gidajen talabijin suka riƙa yanke irin waɗannan wurare, matar nan ma a wasu kwafe an sake zana ta fara, a wasu an canja mata murya.

A nan muka saɓa da masu yankewa. Mun fi son a ajiye abin yadda aka yi shi, babba ya zauna da yaro ya ce masa, “Ka ga wannan? Haka suke ganinmu a lokacin.” In an share, gobe wani zai ce ba a taɓa yi ba. Kaset ɗin da aka ɗauka tun da can, kafin almakashi ya shiga, shaida ne, kuma wannan na cikin abin da ruwa ya tafi da shi a Gwange.

A ƙasashen Turawa tara waɗannan abubuwa ya zama kasuwa. Ledojin nan da ake zane a kansu, a da kamfanoni wanke su suke yi su sake amfani da su, ko su zubar a bola. Da suka yi ƙaranci sai suka zama zinariya: a 1989 an yi gwanjon guda ɗaya mai baƙi da fari daga wani katun na Disney na 1934, Orphan's Benefit, a kan dala 286,000. Wannan bai burge mu sosai ba. Leda ɗaya a bango hoto ne da ba ya motsi, alhali motsin shi ne abin. Labarin da ya fi taɓa mu shi ne na wani ɗan Japan, Yasushi Watanabe, da ya sayi wani ɗan guntun fim yana ɗalibin sakandare a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Ya ajiye shi kusan shekara 70. Sai a 2018 aka gane ashe ɗaya ne daga cikin katun ɗin zomon nan Oswald da Walt Disney ya yi a 1928 kafin Mickey Mouse, wanda kamfanin da kansa ya ɗauka ya ɓace. Kamfani mai biliyoyi ya rasa, yaro mai kuɗin kashewa ya adana. Finafinan farko da yawa haka suka salwanta, don abin da ake ɗaukarsu a kai yana ruɓewa, yana kuma kama wuta kamar fetur. Waɗanda suka tsira, sau da yawa wani mai taurin kai ne irin mai gyaran talabijin ɗinmu ya ƙi zubarwa.

Yanzu ga tambayar da ta fi ci mana rai. A cikin akwatin nan da ya cika, ko akwai katun ɗaya da ɗan ƙasar Hausa ya yi? Mun tambaye shi, ya ce bai san ma akwai ba. Mu ma mun daɗe ba mu sani ba, kuma abin kunya ne, don mutumin yana nan maƙwabtanmu. Moustapha Alassane ɗan Nijar ne, an haife shi a 1942. Tun yana saurayi, kafin ya san kyamara, yake yanka hotuna yana haska su da fitila yana tara jama'a, irin majigin da iyayenmu suka sani amma na hannu. Ya yi aiki da Jean Rouch a Yamai, ya je Kanada ya ga yadda Norman McLaren ke aiki, ya dawo gida. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, ɗan fim na kamar minti biyar, baƙin layi a kan fari. Sim shugaban jamhuriyar kwaɗi ne da aka gayyata ziyarar aiki wata ƙasa. Ga faretin soja, ga jirgin sama, ga gaisuwar manya, duk kwaɗi ne masu tumbi suna kumbura. Ku duba shekarar: ita ce aka yi juyin mulki a Najeriya da Gana da ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso. Mutumin ya dubi sababbin masu mulkin Afirka da jerin gwanonsu ya ga kwaɗi, ya kuma faɗa ba tare da ya buɗe baki ba.

In ka ajiye shi kusa da na MGM, talaucinsa a fili yake. Ba launi, motsin kaɗan ne, ba ƙungiyar makaɗa. Amma yana da abin da kyanwa da ɓera ba su da shi: yana magana a kan wani abu. Tom da Jerry sun shekara goma sha takwas suna gudu a ɗakin girki ɗaya ba su ce komai game da duniya ba, kuma ba mu zarge su ba, ba aikinsu ba ne. Alassane da fensir ɗaya ya taɓa fadar shugaban ƙasa. Yana da wani kuma mai suna Kokoa, wato kokawa, da ya yi da 'yan tsana yana motsa su kaɗan-kaɗan yana ɗauka: filin kokawa irin na Nijar, da kwaɗi da hawainiya da tsuntsaye suna kama juna, 'yan kallo na ihu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a dandali bayan girbi zai gane kowane motsi a ciki. Ya yi shekarunsa na ƙarshe a Tawa, ya rasu a 2015. A 2017 gidan adana zane-zanen zamani na birnin New York ya shirya nuna finafinansa. A New York fa. Mu da muke jin sunan fim ɗin ba tare da an fassara mana ba, ba mu taɓa haska shi a bangon makaranta ba.

Saboda haka in ana maganar tarawa a unguwa irin tamu, ba maganar gwanjo ake ba. Ba wanda zai ba ka dala a kan kaset ɗin da aka kwafa daga talabijin. Abin da ya kamata a nema shi ne kwafi cikakke: daga rurin zakin MGM har zuwa ƙarshe, da faɗinsa na asali, da kiɗansa, da gudunsa. In kun je wajen masu tura finafinai a waya, ku ce su buɗe muku ku gani kafin ku biya. In hoton a tsaye yake ko muryoyin sun zama kamar na sauro, ku bar shi. Na Alassane sukan bayyana a intanet, masu data su sauko da su su raba. Wasu daga cikin na farkon ma yanzu ba mallakar kowa ba ne: Steamboat Willie na 1928, fim ɗin da ya fito da Mickey Mouse, ya fita daga haƙƙin mallaka a Amurka tun ranar 1 ga Janairu 2024.

Kuma kada a ce tunda yana intanet ya tsira. Mun ga watannin da aka datse layin waya a Borno, mun ga tsawon lokacin da Maiduguri ta yi babu wutar gwamnati bayan an kayar da turakun lantarki a 2021. Memori yana mutuwa ba sallama. Faifan CD da zafin watan Afrilu ba sa shiri. Kaset kuwa ƙura da laima da gara duk abokan gabansa ne, ga shi kamfani na ƙarshe da ke ƙera na'urar bidiyo ya daina tun 2016. Abin da ambaliya ta nuna shi ne wuri ɗaya ba ajiya ba ne, ko da cikin gari ne. A kwafa biyu ko uku, a raba gidaje, ɗaya ma a aika wa dangi a Kano ko Zariya.

Kaset shidan nan suna nan a kan shirayi, an naɗe su a leda. A jikin ɗaya an rubuta “Kyanwa 1987” da biro ja. Mai su bai san ko har yanzu suna yi ba, don na'urarsa na cikin akwatin da ruwa ya ci. Mun zaga wajen masu gyara uku ba mu dace ba. Ɗaya ya ce ya sayar da ta ƙarshe ga 'yan gwangwan a kilo. In akwai mai tsohuwar na'urar bidiyo a ƙarƙashin gado ko a kayan ɗakin uwargida, ko da ba ta aiki, ya sanar da mu ta hannun masu wannan mujalla. Mutumin ya ce idonsa ya tafi amma hannunsa bai manta ba, in an samu yaro mai ido ya riƙe masa fitila zai tayar da ita.